Mijin Daisy da Asalin Kalmomi

Cedric Ollerton mijin ƙanwata Daisy ne, wanzami a bayan kasuwar Leeds ta Ingila, kuma ban taɓa ganin mutum mai surutu irinsa ba. Ka zauna aski, kafin ya gama ƙeyarka ya gaya maka inda kakan kowace kalma ya fito. Ka kira shi "pal", wato aboki da Turanci, sai ya ajiye almakashi ya ce daga bakin Romani masu yawo da keken doki aka aro ta, ma'anarta ɗan'uwa. Ka ce "goodbye" za ka gudu, ya riƙe maka ƙofa: "Addu'a ce fa ka yi, Allah ya kasance tare da kai, lalaci ne ya gutsire ta."

Na sha ce masa, "Cedric, don Allah ka bar mutane su huta."

"Yaya, ke dai kunnenki ne ba ya son alheri."

Da wannan bakin ya sace mana Daisy. A wurin rawa ya gaya mata sunanta na wani fure ne, yana nufin idon yini, don furen yana buɗewa da safe ya rufe da yamma. Yarinya ta dawo gida kamar an ba ta Ingila kyauta.

Bayan ya tsufa ciwon mantuwa ya kama shi. Ya fara manta inda ya ajiye reza, sannan hanyar shago, sannan sunayen 'ya'yansa. Abin haushi, asalin kalmomi ko ɗaya bai zube ba. Daisy ta nace ita ba zai manta da ita ba. Likita ya ce babu magani, ni kuwa ba ni da abin ba ta sai rakiya.

Ranar Lahadi muka je gidan kula da tsofaffi inda aka kai shi, da kek ɗin da yake so. Ta zauna ta kama hannunsa.

"Ni ce Daisy."

Fuskarsa ta washe, har na ɗauka ya gane ta.

"Idon yini," in ji shi. "Yana buɗewa da safe. Sunan matata ke nan, baiwar Allah. In kin gan ta a waje ki ce ta shigo, ta daɗe ba ta zo ba."

Daisy ta gyara masa bargo a gwiwa.

"Zan gaya mata," ta ce.