Ragon Buhu a Bakin Binuwai

Shekarun baya ne, zamanin da aka zabtare albashin ma'aikata. Ranar Asabar, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a gidan wasan kwaikwayo da ke bakin kogin Binuwai a Garwa. Waɗanda ke wurin: ni, da abokina da muke aiki tare a sashen Hausa na rediyo, da 'yan wasanmu huɗu, da daraktan gidan, sai kawuna, mahauci, wanda bai taɓa taka irin wannan wuri ba sai ran nan.

Gidan yana da zaure inda ake rataye zane-zane da kayan saƙa. In ka wuce shi sai fili, bencinan siminti suna gangarowa kamar matakala, dandamali a ƙasa, kogi a bayansa. Wasanninsu da Faransanci ake yi, jefi-jefi da Fulatanci. Wata uku muna zarya kafin darakta ya ba mu yamma ɗaya ta gwaji. Mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, amma ba ya ɓoye magana. Sharaɗinsa biyu: wuri ya cika, kuma a yi wasa cikin tsari, ban da hayaniya. In mun cika su, Hausa ta samu Asabar ɗaya kowane wata. In mun kasa, mu koma ɗakinmu na rediyo.

Ni na rubuta wasan. Labarin wani ma'aikaci ne da aka sallama daga ofis, ya koma fawa, sana'ar gidansu. Abokina ne ma'aikacin. A tsakiyar wasan zai yanka rago, shi ya sa muka cusa ciyawa a buhu, na tafi kwata aron fata da ƙahoni wurin kawuna. A gidansa na tashi, ko da yake tun ina lakwal, wato makarantar boko, in aka tambaye ni sana'arsa sai in ce ɗan kasuwa ne.

"Me za a yi da fatar?" ya tambaye ni.

"Rago za mu yi da ita, Kawu."

"Rago ya zama fata, kullum ina gani. Fata ta koma rago, wannan sai na zo da ƙafata."

Ya kuwa zo, kuma bai zo shi kaɗai ba. Mahauta da dillalan shanu suka biyo shi cikin kayan Juma'a, suka zagaya zauren zane hannu a baya kamar masu duba garke, sannan suka cika bencina. Sharaɗi na farko ya samu.

Ni ina gefen dandamali da makirufo da agogon awo a hannu. Tun muna atisaye na auna wasan, minti arba'in da biyu ne cif. Na auna tsawon kowace dariya. Na sa abokina ya wasa wuƙa daidai hancin ragon, don nan ne kusa da makirufona, ƙarar za ta fita sosai. Na sa ya juya shi yamma, don hasken rana ya sauka a wuyansa. A rediyo rago ba shi da dama ko hagu, ba shi da gabas ko yamma. Ƙara ce kawai. Shekara goma ina yanka raguna da baki, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

A minti na ashirin da uku, abokina ya kayar da ragon, ya wasa wuƙa, ya durƙusa.

"Kai! Dakata!"

Kawuna ne. Ya miƙe daga benci na uku, ya tattare babbar rigarsa, ya gangaro ba gaggawa, ya hau dandamali.

"A wane gari ake yanka haka? Ka kwantar da shi a kan dama, ka juya shi yamma, ka wasa wuƙa yana kallonka. Wa zai ci wannan nama?"

Wani dillali ya ɗaga murya daga baya: "Mutanen ofis!" Wuri ya ɗauki dariya.

Darakta yana zaune a gaba da kwafin wasan da na fassara masa. Na ga yana juya shafi yana neman tsohon. Bai same shi ba, ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa na dubi agogona, kamar shi zai cece ni. A raina na riga na yi ban kwana da Asabar ɗinmu.

Abokina ne bai rikice ba. Bai fita daga wasan ba. Ya sunkuyar da kai, ya miƙa wuƙar da hannu biyu.

"Baba, shekara goma sha biyar biro nake riƙewa. A nuna mini."

"Ai na ga hannun," in ji kawuna. "Matsa."

Ya naɗe hannun riga. Ya kama buhun nan a hankali, kamar mai rai, ya kwantar da shi a kan hagu, ya fuskantar da shi alƙibla. Ya ɗaure ƙafa uku, ya bar ɗaya. Ya ɓoye wuƙar a bayansa. Yana yi yana bayani: a shayar da dabba tukuna, kada a ja ta a ƙasa, kada a yanka wata a gaban 'yar'uwarta. Da ya lura wasu a baya ba sa jin Hausa, sai ya maimaita da Fulatanci. Ba shi da makirufo, amma masu kwale-kwale biyu suka tsayar da tuƙi suna saurare daga ruwa. Wurin da nake tsoron hayaniya ya yi tsit. Minti tara ya ɗauka. Na sani, don ban tsayar da agogon ba.

Da ya gama ya mayar wa abokina wuƙar. "To, bismillah." Ya sauka ya koma bencinsa, aka ci gaba da wasa har ƙarshe.

Ana tafi darakta ya taso ya same ni. Ya ce, da Faransanci, wane ne wannan ɗan wasa, kuma don me babu shi a takarda? Ƙarya mai sauƙi tana bakina. In na ce shiri ne, an wuce wurin, tsari bai karye ba. Na dubi kawuna yana gyara hula. Sai na ɗaga makirufo na faɗa wa jama'a da Hausa, sannan na maimaita da Faransanci: "Wannan ba ya cikin wasan. Kawuna ne, mahauci ne, a gidansa na tashi. Kuskuren da ya gyara nawa ne."

Darakta ya naɗe takardar. Ya ce bai ji ko kalma ɗaya ba tun da aka fara, amma minti taran nan ya gane su duka.

A bakin ƙofa kawuna ya tsaya yana jirana.

"Malam na rediyo, muryarka ba laifi. Idonka ne ya yi zaman akwatin rediyo da yawa. Ina fatata?"

Na yi shirye-shirye da dama bayan wannan, wasu an yaba. Amma in aka tambaye ni wace magana na fi alfahari da faɗa ta makirufo, ita ce wannan gajeriyar, wadda ba a rubuta ba, ba a kuma auna ta ba. Har yau in na rubuta abu a kan sana'ar wani, sai na kai masa ya gani da idonsa kafin in ce na gama.

Darakta ya ba mu Asabar ta farko a kowane wata. Kafin wasanmu na biyu ya sa aka zana ƙaramar kibiya da farin fenti a ƙasan dandamalin, tana nuna alƙibla. Lokacin da na bar aikin rediyo tana nan.