Uwar Direbobi Za Ta Ajiye Aiki

Kafin masinja ya gama shara take isowa ofis. Ta goge gilashin tagar da take sauraron jama'a, ta jona wayarta a caji, don wayar nan ba ta san hutu ba. A kamfanin inshora, ma'aikaciyar teburin manyan motoci ce kawai. A tasha kuwa Uwar Direbobi ake ce mata, kuma a watan nan za ta yi ritaya.

Abin da ya sa ake ganin girmanta ya fito fili ne shekarar da maƙwabciyar ƙasa ta canza doka. Aka ce inshorar da aka yanka a nan ta daina aiki a can sai an sabunta ta. Wanda ya yi hatsari da tsohuwar takarda, a riƙe motarsa, diyya kuma daga aljihunsa. Kamfani ya tura wa kowa rubutaccen saƙo. Ita kuwa ta san halin 'ya'yanta: direba ba ya buɗe saƙo, ɗauka yake tallar kamfanin waya ce. Murya yake ji. Sai ta bi su da kira ɗaya bayan ɗaya, har muryarta ta dishe.

Wani direba da ake kira Dogo ne ya gagara samuwa. Motarsa ɗaya tilo, da ita yake ciyar da gidansa da marayun yayansa. Ga shi ya ɗauko siminti ya nufi iyaka, waya a kashe. Ta nemi matarsa, ta nemi bakanikensa, har ta samo lambar mai faci na bakin iyaka, inda ta san Dogo ba ya wucewa bai duba iskar taya ba.

"Ɗana," ta ce wa mai facin, "in ya tsaya, ka riƙe min shi ka ba shi waya."

Dogo ya karɓa yana huci. "Haba Iya, mai kaya na jirana. Takardata fa ba ta mutu ba."

"A nan tana da rai. Kana tsallakawa ta zama takardar banza. Nemi inuwa ka zauna."

Ya yini yana ƙunƙuni har ta turo masa sabuwa. A tafiyar nan, bayan ya tsallaka iyaka, birki ya tsinke masa a gangara, ya rushe katangar wani shago. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Inshora ta biya, aka sakar masa mota. Abokan aikinta sun ga ranar da ya dawo: ƙaton mutum ya durƙusa gaban tagarta.

Ke ce mai bin mutum da alheri ko yana gudu, Iya. Ba wanda ya sa ki, ba wanda zai tuhume ki da kin yi shiru. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Masu zama kujerarki kuma, in doka ta sake juyawa, kada ku ce kun tura saƙo. Ku nemi mutum har sai ya amsa.