Bunu Gurgu da Langar Bakin Tafki

Tun Turawa ba su san hanyar Hadejia ba aka haifi Bunu ɗan Zarami a Garin Gana, wani ƙauyen masunta kusa da Guri. Da ƙafafunsa biyu lafiyayyu ya zo duniya. Yana ƙarami kurkunu ya shiga gwiwarsa ta hagu, ya kwantar da shi damina guda, ya bar ƙafar a lanƙwashe ta ƙi miƙewa har abada. Aka sassaƙa masa sanda, ya jefa ta a murhu. Da tsalle yake zuwa ko'ina, har uwarsa Falmata ta gaji da faɗa ta zuba masa ido.

A garin nan, yaro bai zama namiji ba sai uban ya ba shi gora, babban goran nan da masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa. Ƙannen Bunu duk sun samu. Shi kuwa aka zaunar da shi gindin tsamiya cikin tsofaffi yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi. Ya roƙi uban sau ɗaya.

"Baba, ni ma a ba ni gora."

"Ruwa ba ya wasa da mai ƙafa biyu ma," in ji Zarami, ya ci gaba da gyaran ƙugiyarsa. Tsoro ne ya sa shi faɗin haka ba ƙiyayya ba, amma maganar ta yi wa Bunu ciwo ƙwarai.

Wuri ɗaya ne kowa kan dawo irinsa, wato filin langa. Kowane ɗan wasa ya kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle a kan ɗayar. Wanda ya saki ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare na da mutum ɗaya da ake kira ruwa, in ya isa turmin da abokan hamayya ke tsaro ya taɓa, an ci su.

To, Garin Gana da Garin Umara a tafki ɗaya suke su, wato kamun kifi. Al'adarsu, idan kogi ya ja da kaka, sai a yi langa a bakin tafkin. Waɗanda suka ci su ne farkon shiga ranar su, kuma ruwansu ne zai fara sa ƙafa. Shekara da shekaru Garin Gana sai ragowa suke tsinta, don mutanen Garin Umara ƙarti ne, kuma dabara ɗaya gare su da suka gada. Sai su jeru gaban turmi kafaɗa da kafaɗa, ba mai motsi, su jira ƙafar ruwa ta gaji, sannan su tura shi da ɗan yatsa.

Wata shekara Sa'idu, shugaban samarin Garin Gana, ya ce Bunu za a sa ruwa. Dattawa suka yarda ba don sun gamsu ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ranar wasa da la'asar, Shu'ibu, ƙaton Garin Umara, ya dube shi ya kece da dariya.

"Mutanen banza, maza sun ƙare ne kuka kawo mana ɗan ɗinkin koma?"

"Ka riƙe ƙafarka da kyau, Shu'ibu," in ji Bunu. "Ni tawa ta saba."

Aka buga ganga. Ruwan Garin Umara ya yi gaggawa, Sa'idu ya maka shi da ƙasa. Sauran suka jeru gaban turminsu yadda kakanninsu suka koya musu, suna jiran Bunu ya gaji. Ba wanda ya tsaya ya yi tunani cewa mutumin da suke jira a kan ƙafa ɗaya yake cin tuwo, a kanta yake jan guga tun yana yaro. Bunu ya zo kusa da su ya tsaya kamar zalɓe a bakin ruwa. Har hamma ya yi.

Inuwa ta yi tsawo. Cinyoyin ƙartin suka fara rawa, gumi na zuba. Na gefe ya saki ƙafa, na kusa da shi ya jingina da ɗan'uwansa suka zube tare. Mata suka fara guɗa. Sai ga Shu'ibu shi kaɗai, ido ya yi ja, ya taso da kafaɗa da duk abin da ya rage masa. Bunu ya goce kaɗan kawai. Ƙaton ya wuce ya ci laka da baki, shi kuwa ya ƙarasa ya ɗora hannu a kan turmi.

Aka ɗauke shi sama. Daga can yake neman fuskar ubansa cikin taro, bai gan shi ba, sai murnar ta rage masa daɗi.

Ranar su, garuruwan biyu suka jeru bakin tafki, kowa na jiran Bunu, shi kuma hannunsa ba komai. Sai mutane suka dare. Zarami ne, ɗauke da goransa na kansa, wanda ya yi baƙi don tsufa, wanda ko ƙannen Bunu ba su isa su taɓa ba. Ya ajiye shi a ruwa, ya riƙe.

"Hau, Bunu. Maza na jiran ka."

Daga nan Bunu ya yi ta zama ruwa har furfura ta fito masa, Garin Gana suka ci kifi suka yi ƙiba. Garin Umara kuwa suka daina jeruwa gaban turmi, ba su ƙara ba. Bunu ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya ba kowanne gora sabo. Tsohon goran Zarami dai ya fashe an ɗinke, ya sake fashewa an ɗinke, a kansa Bunu ya yi su har ƙarshen ransa.