Ƙarin da Ya Tsiro a Kan Baba

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, a shekarar Baba ya fara zagi. Muna zaune ne a gidan gwamnati a Nassarawa GRA, irin tsofaffin gidajen nan masu faffaɗar baranda da bishiyoyin mangwaro. Mulki bai daɗe da komawa hannun farar hula ba aka yi masa ƙarin girma a ma'aikatarsu, aka ba shi gidan. Ni ce 'yarsa ta fari, lokacin ina koyarwa a wata firamare.

Baba mutum ne mai tsananin kunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunana ba, sai dai ya ce "ke". Wata safiya muna karyawa, direbansa, wani dattijo mutumin Jigawa, ya durƙusa yana gaishe shi. Baba ya dube shi, ya zagi uwarsa, sannan ya tuntsire da dariya. Ya juyo ya kira sunana ƙarara, ya ce in miƙo masa sukari. Umma ta ajiye kofinta ta shige ɗaki.

Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya. Yakan tashi da ciwon kai, ya yi amai kafin ya ci komai. Ya je ta'aziyyar wani abokin aikinsa, ana tsakiyar addu'a ya kama dariya har sai da aka janye shi. Ran wata Juma'a ya yi tangaɗi a sahu, ya faɗa kan na kusa da shi.

A wancan lokacin kowa idonsa na kan maƙwabcinsa. Rediyo ba ta da zance sai na giya da bulala. Ba a jima ba magana ta zaga unguwa cewa Alhaji ya fara sha a ɓoye. Dattawan masallacinmu suka zo har falo suka yi masa nasiha, shi kuwa yana ta wasa da hular ɗayansu. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, ya taso daga Tudun Murtala, ya matsa kusa da shi kamar zai gyara masa wuyan riga. Na gan shi yana shinshinar bakinsa. Umma da kanta ta bincike bayan mota da ƙarƙashin gado, ba ta sami komai ba. Da zancen giya ya ƙi tabbata, aka koma na aljanu. Aka kawo mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ciwon kan bai ragu ba.

Sai da ya yanke jiki ya faɗi a ofis, yana karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa, sannan aka kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likitan da ya karɓe mu Kirista ne daga wajen Zariya, Hausa a bakinsa kamar tamu. Ya ɗaga hoton ga haske, ni da Umma da Baffa muna tsaye.

Ya fara da Turanci, kalmomi dogaye waɗanda ko ni mai ɗan boko ban kama ba. Umma ta taɓa ni ta ce, "Me yake cewa?"

Na ce, "Likita, don Allah ka yi mana da Hausa."

Ya dafa ƙeyarsa. "Hajiya, ƙwaƙwalwa sashe-sashe ce, kowane da aikinsa. Nan baya, da shi ake gani. Ƙasa da shi akwai wata 'yar ƙarama, ita ke daidaita tafiya. Daga gindinta laka ta sauka cikin ƙashin baya. Nan gefen kunne kuma ji ne da tuna abubuwa." Sai ya mayar da hannunsa goshi. "Nan ne mutum yake auna abin da zai faɗa da wanda zai haɗiye. Abin da muke kira kunya da kamun kai, a nan suke zaune."

Ya nuna wani farin dunƙule a hoton, kamar ƙwan kaza da aka matse, gefensa duk ya yi yatsu.

"Wannan ƙari ne. Ya tsiro a sashen goshi, ya ƙetara daga ɓarin dama zuwa na hagu. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, shi ya sa kumburin ke danne komai. Daga nan ciwon kai da amai da tangaɗin suke. Faɗuwar da ya yi kuma farfaɗiya ce, ƙarin ne ya jawo ta."

Baffa ya ce, "Ciwon daji ke nan?"

"Ga dukkan alamu shi ne, kuma mai saurin yaɗuwa."

Umma ta ce, "To, likita, ba wani abu yake sha ba?"

"Ba ya shan komai, Hajiya. Ba shi ke yin abubuwan nan da gangan ba."

Umma ta zauna a ƙasa ta ce alhamdu lillahi, tana kuka. An gaya mata mijinta zai mutu, amma abin da ya fara shiga kunnenta shi ne bai saɓa wa Allah ba. Na tambayi zancen tiyata. Likitan ya ce ƙarin ya riga ya cakuɗe da naman ƙwaƙwalwar, ko an fita da Baba ƙasar waje, cire ƙarin duka ba zai yiwu ba. Zai ba da maganin rage kumburi da na farfaɗiya.

A mota Umma ta ce gobe za ta aika wa liman, a faɗa wa jama'a gaskiya. Baffa ya juyo daga kujerar gaba.

"Ki ce musu me? Ciwon ƙwaƙwalwa? Kafin la'asar za a ce hauka ne, kuma a jini yake. Ga 'yan mata a gida. A ce hawan jini ne kawai."

Na ce, "Baffa, ƙari ba hauka ba ne."

Ya ce, "Ke kika sani. Su ba su da wata kalma sai wannan."

Hawan jinin aka faɗa. Wasu suka yarda, wasu suka ce rufin asiri ne.

Maganin ya dawo mana da Baba na 'yan makonni. Wata yamma muna zaune a baranda ya ce, "Ke, na ga direba ba ya haɗa ido da ni. Na yi masa wani abu ne?" Na ce babu komai. Bai yarda ba. Ya sa aka kira dattijon, ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, duk abin da na yi maka, ka yafe mini." Direban ya yi ta gyaɗa kai.

Bayan haka ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Magana ta fara kuɓuce masa. Zai so ya ce ruwa, sai ya ce takalmi, ya ji da kunnensa ba daidai ba ne, ya yi ta dukan katifa da hannun hagu. Likita ya ce ƙarin ya kai wurin da ake haɗa kalmomi, amma Baba yana jin duk abin da ake faɗa. Daga ranar na hana masu zuwa dubiya yin zancensa a gabansa. Ni da Umma muke juya shi, muna ba shi kunu da cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo.

Ya rasu da damina, bayan azahar, ana yayyafi. Dattawan masallaci suka yi masa wanka, suka sallace shi a ƙofar gida. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba ma'aikata ta nemi gidanta. Muka kwashe kaya muka koma Kaura Goje, inda Umma ta ƙarasa takabarta a wani ɗaki mai taga ɗaya.