Dardumar Kawu da Filtar da Aka Kai Bugu

Muna sallame sallar asuba ranar Talata muka tashi daga Kaduna, mu uku a cikin a-kori-kura: ni, da direba, da abokin aikina mai kula da janareta. A baya mun ɗaure injin wanke darduma na gidan saukar baƙin da nake aiki, mun naɗe shi da barguna kamar mai jego. Shekarata ta huɗu ke nan ina tura wannan inji, bai taɓa ko leƙa bakin ƙofa ba. Sai da aka samu mulkin kai, Bature ya tafi, aka ba ɗan ƙasa riƙon gidan, sannan na yi ta maza na roƙi aronsa. Ya ba ni bisa sharaɗi guda: safiyar Asabar ya gan shi a ɗakinsa, don akwai manyan baƙi tafe.

Dalilin tafiyar kawuna ne, yayan mahaifiyata, da ke Kurmin Kogi ta ƙasar Ikara. Da ƙuruciyarsa ya je Makka a ƙasa, ya dawo da darduma a kafaɗa, ya shimfiɗa ta a wurin tsayuwar liman a masallacin unguwarsu. Hayaƙin aci-bal-bal da taku da shekaru suka mai da ita baƙa ƙirin. Kawu kan ce akwai fitila a saƙe a tsakiyarta da ganyaye kewaye, samari kuwa su yi ta dariya a ɓoye, suna ce da ita buzun Alhaji. Yanzu ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Saƙon da ya aiko mini gajere ne, wai in da gaske ne ina da injin da ke fito da launin shimfiɗa, in zo tun yana gani.

Hanyar Zariya ba laifi. Da muka bar kwalta muka nufi Kudan ne muka san damina ba ta gama da mu ba. Jar laka ta riƙe mu a wata fadama, sai da manoma suka ajiye fartanya suka turo mu, suna ta tambayar ko gawa muka ɗauko a cikin barguna. Ban taɓa ganin rake irin na Kudan ba. Ka duba gabas ka duba yamma, kore ne shar har inda ido ya tsaya, iska na bi ta cikinsa da wata irin ƙara kamar ana ruwa daga nesa. Rake na kwabo sai da ya gundure mu, direba kuwa ya sayi mazarƙwaila ta sisi ya ce tsarabar iyali ce. Ba ta kai Makarfi ba.

A Makarfi muka sauka gidan wani attajirin rake, aminin direba, mutum mai fara'a da son baƙo. Tuwon dawa miyar kuɓewa ɗanya aka kawo mana, man shanu na yawo a kai. Da la'asar maganar inji ta zaga unguwa, aka cika ƙofar gida. Kunya ta sa na kunna shi na bi shimfiɗar zauren maigidan. Da mutane suka ga tsakuwa da ɓawon gyaɗa suna tashi da kansu suna shigewa bakin ƙarfe, sai salati ya kaure, wani dattijo ya dafe hularsa da hannu biyu.

Bari in faɗa muku yadda cikin injin yake, don a nan maganar take. Aikinsa hawa biyu ne: ya fara zuƙe busasshiyar ƙura, sannan burushi ya bi da kumfa. Iskar da ya zuƙa kan bi ta wata rariyar waya mai tare tsakuwa, ta wuce cikin wata jaka ta farin yadi mai kauri, doguwa kamar hular da aka ja. Ita muke kira filta. Iska ta wuce, ƙura ta tsaya. In ta toshe, inji ya yi ta kuka ba ya jan komai har ya ɗauki zafi ya ƙone. In ta huje, ƙura ta shiga cikinsa ta kashe shi. Ba a wanke ta da sabulu, ruwa zalla ne, kuma ba a mai da ita sai ta bushe ƙarau. Guda ɗaya gare mu, sabuwa kuwa sai an aika Ikko. Da na gama da zauren maigidan na ɗauraye ta, na shanya a igiyar tsakar gida kusa da babbar rigata da laka ta ɓata.

Washegari muka shiga kasuwa, na sayi goro da turare don Kawu. Kafin mu dawo, maigida ya sa an kwashe duk abin da baƙi suka shanya, an wanke, an kai bugu, an ninke. A wajensu baƙo ba ya barin gida da ƙazamin tufa. Aka miƙo mini rigata tana ƙyalli, na yi godiya har da rusunawa. Da na tambayi jakar, aka ce tana ciki, hular ma an gyara ta. Na yi dariyar jin an ce hula, muka kama hanya.

Daga Makarfi zuwa Ikara dawa ta fara fitar da kai, Fulani na kora shanu ta gefen gonaki, tutar nan kore da fari tana kaɗawa a gaban wata makarantar firamare. Mun isa Kurmin Kogi gab da magariba. Kawu ya rame. Bai gane ni ba sai da na yi magana, sannan ya kamo hannuna yana shafawa, ya tambayi uwata, ya tambayi yara, ya tambayi hanya, can daga ƙarshe ya ce, "Ɗan nan, ka zo da shi?" Na ce na zo da shi, Kawu.

Safiyar Alhamis aka fito da dardumar gindin wata ɗorawa. Gaskiyar samari, ko ni da na gan ta sai da gabana ya faɗi. Ta fi kama da fatar da aka jeme. Na warware rigata don in ɗauko filta, sai ga ta ta faɗo a sanƙare, tana sheƙi kamar tasa. An ba ta sitaci har ta ƙoshi, an kuma buge ta da gaske. Na kafa baki na hura, ko numfashi bai wuce ba. Na ɗaga ta ga rana, sai na ga ɗinkin gindin ya buɗe, gefe guda kuma ya yi shara-shara inda mabugi ya fi sauka. Ga jama'a sun kewaye mu, ga Kawu an zaunar da shi a kan tabarma yana fuskantar inda yake jin muryata, ga shi gobe dole mu juya.

Ban ɓoye masa ba. Ya ce, "Mutunci suka yi maka, kada ka zage su. Tana gyaruwa?" Na ce zan gwada.

Na sa aka ɗumama ruwa, ba mai zafi ba don kada yadin ya tsuke. Na jiƙa, na matsa a hankali, na zubar, ruwan na fita fari kamar na gasara. Haka na yi ta yi har ya fara fita garau. Direba ya figa da ni Ikara wurin wani tela, na sa ya bi gindin da ɗinki biyu, ya kuma ɗora maho ta ciki da farin fulanel a inda ya sirance. Telan ya ce bai taɓa ganin hula maras kyau irin wannan ba. Muna dawowa hadari ya haɗo ya rufe rana. Sai na roƙi wani tsohon tulu, na zuba garwashi marar hayaƙi a ƙasa, na kife shi a kai, na sanya masa jakar kamar hula, ina juyawa. Da azahar ta bushe. Na hura, na ji iska a tafin hannuna, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mutane suka amsa.

Hadarin ya zaga ya wuce kudu. Abokina ya tayar da janareta, na ɗora bakin inji a kan darduma, sai na ji ya kama ta yana ja. Ƙurar da ta fito ba ta misaltuwa. Na tsaya na kaɗe filta a cikin ƙwarya ya fi a ƙirga, kowane karo ina duba mahon. Da na zo sa kumfa, Kawu ya sa aka matso da shi. Ya miƙa sandarsa ya dangwala wani wuri a cikin baƙin nan da ba ya da alamar komai, ya ce, "Fara nan. Fitilar tana nan."

Na bi wurin da burushi, na share kumfar. Wallahi, daidai inda kan sandar ya taɓa, sai ga fitila ruwan zinariya tana rataye da sarƙa a cikin ja mai duhu. Ya matsar da sanda ya ce ganye, ganye ya fito. Ya ce a kusurwa akwai inda wuta ta taɓa ta a wani zango a hanyar dawowa, sai ga tabon ƙuna. Samarin nan masu dariya suka tuɓe takalma ba wanda ya ce su tuɓe.

Kawu ya durƙusa ya kai fuskarsa har hancinsa na taɓa darduma. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce, "Jan na gan shi. Fitilar ma na ga haskenta. Koren fa, ya fito?" Na ce ya fito, Kawu, shar da shi. Ya ce, "To, shi ya wuce ni. Ku da kuke gani ku riƙe mini shi." Hawaye suka zo mini.

Da abokina ya ɗauki ƙwaryar ƙura zai kai juji, Kawu ya hana. Ya ce a ciki akwai ƙasar duk hanyar da ya taka, da ta goshin mutanen da suka yi salla a kanta suka riga mu gidan gaskiya. Aka tona rami a harabar masallaci aka zuba.

Ranar Juma'a liman ya tsaya a kanta, muna idarwa muka kamo hanya. Mun biya ta Makarfi na sake yi wa maigida godiyar wanki, ban gaya masa abin da ya samu filta ba. Inji ya kwana a ɗakinsa, filtarsa da maho.

Abin da na koyo, na farko mai sauƙi ne: ba na ƙara shanya filta kusa da riga a gidan mutanen kirki. Na biyun shi ne ya zauna mini. Da ina ɗaukan aikina kwasar datti ne kawai, jakar nan kuwa tsumma ce da nake kaɗewa ina kau da kai. Jiya da na ciro ta bayan na gama ɗakin baƙi, sai na samu kaina tsaye da ita a hannu ina kallon ƙurar, ina tunanin ƙafafun da suka kawo ta. Da na rufe ido kuma, koren nan na gani. Ina riƙe da shi, Kawu.