Baba Mai Leda da Ɗakin Mahaifiyata

Ƙarfe bakwai na safe yake isa wurin aiki, jakar kayan aiki a kafaɗa, tsumma ɗaure a kowace gwiwa. Kafin ya taɓa zarto sai ya durƙusa ya shafa siminti da tafin hannu, ya sunsuna kusurwar ɗaki. Daga nan ya yanko leda ya shimfiɗa a ƙasa, ya liƙe gefunanta da salatif, ya ce a jira kwana biyu. Dalilin da ya sa ake kiransa Baba Mai Leda ke nan. Ya haura shekara talatin yana daɓe ɗakunan mutane, a 'yan shekarun nan kuma ya fi aikin laminet, allunan nan masu kama da katako da ake harhaɗawa a kan siminti.

Ni kam ranar da na fara ganin ledar nan, kamar in fashe don haushi. Mahaifiyata, Inna, tana asibiti, an yi mata aiki a ƙugu bayan ta zame a kan tayil. Likita ya ce Juma'a za a sallame ta, ya kuma ja mini kunne cewa in ta sake faɗuwa, da wuya ta ƙara taka ƙafarta. Na sa aka ciccire tayil ɗin ɗakinta, na sayo laminet, na kira Baba ranar Litinin. Shi kuwa ya duƙa yana liƙa leda.

"Baba, don Allah a fara yau," na ce. "Mai shagon da na saya ya rantse mini wannan ba ya jin ruwa."

"Samansa ne ba ya ji, 'yar nan. Cikinsa garin katako ne aka matse. Ruwa ya zube kika goge nan take, lafiya lau. In ya jima a kai, ko danshi ya taso daga ƙasa, bakin allon zai kumbura ya ɗaga, kuma ba ya komawa." Ya dube ni. "Ba da sanda tsohuwar za ta dawo ba?"

Na haƙura, na bar shi ya gama liƙa ledarsa.

Ranar Laraba ya ɗaga ledar a gabana. Ƙasanta duk gumi, ɗigo-ɗigo kamar murfin tukunya. Ya bi danshin da hannu har bangon banɗaki, ya sa aka kira mai gyaran famfo. Ashe bututu ne ke tsiyaya a cikin bangon, babu wanda ya sani. Aka gyara, amma Baba ya ce ko allo ɗaya ba zai ajiye ba sai siminti ya bushe.

Haka Inna ta dawo ta tarar da gadonta a falo. Kwana goma sha ɗaya ta yi a nan tana mita, tana cewa wane irin mutum ne wannan da ke tsoron leda. Ni kuwa duk sanda ta miƙe sai in ruga in riƙe ta. Kowane kwana biyu Baba yana zuwa ba tare da an kira shi ba, ya ɗaga tsohuwar leda, ya girgiza kai, ya liƙa sabuwa. Telan layinmu ne ya kwantar mini da hankali. Ya ce shi ma Baba ya taɓa ce masa ya jira, ya ƙi, ya kira wani. Damina ɗaya allunan shagonsa suka tashi, har yau kwastomomi tuntuɓe suke yi a ƙofa.

Da ledar ta fito a bushe, Baba ya shimfiɗa roba a ƙasa kafin alluna, ya bar ɗan gibi a jikin bango don su samu wurin motsi, ya toshe gefuna da abin hana ruwa. Ya tambayi inda Inna ke zama ta yi alwala, ya ajiye tabarmar roba a wurin. Da ya gama sai ya cire takalmi, ya rufe ido, ya bi kowace mahaɗa da tafin ƙafa.

Baba, kai ne ka jure fushina da mitar Inna ba ka tanka ba. Kai ne mai durƙuso don wasu su tsaya da ƙafafunsu. Na ji an ce ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji, kuma wallahi hankalina ya tashi. Wa zai sake ce wa mai gaggawa irina ya jira?

Ku masu wannan sana'a, ku je ku zauna da shi tun yana da ƙarfin nuna muku. Ku masu gida, in ma'aikaci ya ce a jira siminti ya bushe, ku jira. Na gode, Baba, Allah Ya huta gajiyarka. Wata takwas ke nan ina kasa kunne kowace safiya, ina jin sandar Inna daga gado har taga, kuma ko sau ɗaya ba ta sarƙe ba.