Ranar Da Surukina Ya Sauke Maza Daga Amalanke

Shekarun baya, lokacin da na yi haihuwar fari, ni ce sarauniyar kunya. A gidanmu na Magarya na haihu, na yi wankan jego, bayan arba'in aka mayar da ni ɗakina a wani ƙauye kusa da Bande. Maigidana bai daɗe ba ya koma Kano wajen kasuwancinsa, ya bar ni da iyayensa.

Kun san yadda ake da ɗan fari a wajenmu. Ko sunan ƴar ba na faɗa. In zan ba ta nono sai na shige ƙuryar ɗaki na saki labule, kamar mai cin abin sata.

Wata safiya cikin damina yarinyar ta tashi da zazzaɓi, jikinta rau. Uwar mijina ta tafi ta'aziyya Waca, talho kuma babu rezo, kira ba ya shiga. Ruwa ya ci hanya, ƴan kabu-kabu sun ƙi shigowa. Sai surukina, wanda nake kira Baba, ya ɗaura wa sansa amalanke ya ce in fito mu tafi asibitin Bande. Tun da aka kawo ni gidan, magana tsakanina da shi ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma a durƙushe, kaina a ƙasa.

A bakin gari muka tarar da wasu magidanta za su kasuwa, suka roƙi Baba ya rage musu hanya. Suka hau suka kewaye ni da buhunan wakensu.

Ba mu yi nisa ba yarinya ta fara kuka. Na jijjiga, na yi mata wasa, na juya ta kafaɗa. Na san abin da take nema, nono ma har ya jiƙa min riga, amma hannuna ya ƙi motsi. Gaban Baba? Gaban waɗannan maza? Na ja hijabi na rufe ta, na ce a raina ta yi haƙuri mu isa. Can sai na ji kukan ya soma dusashewa, leɓenta ya bushe. Tsoro ya kama ni, amma duk da haka ban iya ba.

Sai Baba ya ja igiya ya tsaya. Ya ce sa ya gaji, kowa ya sauka a taka. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai san nan ko haki ba ya yi. Baba ya sauka da kansa, ya shiga gaba cikin taɓo yana jan igiya. Dattijo ya sauka, wa zai zauna? Duk suka bi shi suna gunaguni.

Bai waiwayo ba. Sai na ji ya ɗaga murya yana yi wa jikarsa magana, da sunan wasan da yake kiranta.

“Amarya, ki gaya wa mai riƙe da ke ta ba ki abincinki. Mu nan idonmu na kan hanya.”

Na ɗaga hijabi na ba ta. Da farko ta ƙi kamawa, na yi ta lallaɓa ta ina hawaye, sannan ta kama. Haka muka shiga Bande, ni kaɗai bisa amalanke da buhunan wake, maza na tafe a gaba babu mai juyowa.

Majo, wato malamin asibitin, ya duba ta, ya yi mata allura, ya ba mu siro, maganin ruwa na sha. Ya tambaya ko tana shan nono, na ce ta sha a hanya. Ya ce in ci gaba da ba ta duk inda ta nema, domin jariri mai zazzaɓi ba ya jure ƙishirwa. Cikin ƴan kwanaki ta warware.

Yau yarinyar tana lakwal tana karatun boko, ta yi ƙanne. Su kam na shayar da su a tasha, a kasuwar Dungas, a layin awo, in yafa gyale in ci gaba da hirata. In na ga sabuwar mai jego tana jijjiga jariri tana waige-waige, nakan matsa kusa in kare ta da jikina, in ce ta ba shi.

Baba har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ma ban taɓa yi masa godiya ba, suruka ba ta da bakin irin wannan. Sai dai daga ranar, in ina rabon tuwo, kwanonsa nake fara zuba wa man shanu.